Kwana Bakwai da Ban Jira Ba

Mu uku muka fara aikin. Ni ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Makarfi. Akwai wani dattijo a Kudan, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, wanda babu ƙwaron tumatur ko na rake da bai sani ba. Baba muke ce masa. Sai wata malama a Ikara, Kirista ce, iyayenta daga kudancin Kaduna suka zo tun tana goye, kuma duk cikinmu ta fi mu iya rubuta manhaja. Abin da muka sa gaba shi ne manhajar waya da manomi zai buɗe ya ga hoton cutar da ta kama masa shuka, ya san abin yi. Babu mai biyan mu. Duk abin da muka rubuta yana fili a intanet, kowa na iya karantawa, ya gyara, ko ya ɗauka kyauta.

Doka ɗaya muka kafa, kuma malamar ce ta kawo ta. Duk wanda ke son ya canza wani babban abu, sai ya rubuta a shafin tattaunawa inda kowa zai gani, a jira kwana bakwai. Ni aka ba ikon shigar da gyara na ƙarshe, don na fi su samun sabis a gida. Na tuna Baba yana dariya yana cewa, "To, ɗana, makulli a hannunka yake, amma ɗakin ba naka ba ne."

Malamar ce ta lura cewa yawancin waɗanda muke yi dominsu ba sa karanta boko. Sai ta ƙara sashen murya. Kowace Lahadi in an tashi daga coci, takan hau babur ta shiga ƙauyukan Saulawa da Janfalan, ta zauna da tsofaffin manoma, su yi bayanin cuta da bakinsu, ita kuwa tana naɗa. Ta fi shekara tana wannan yawo. In ka danna hoton ganyen da ya naɗe, sai ka ji wani tsoho ya yi gyaran murya ya fara yi maka bayani kamar kuna zaune a gindin mangwaro.

Muryoyin nan ne suka sa manhajar ta yi nauyi. Masu ƙananan wayoyi sai su fara saukewa, data ta ƙare a rabi. Ana cikin haka wani injiniya daga Kaduna ya shigo cikinmu, gwani ne, mai saurin hannu, kuma ba mugun mutum ba ne. Damina ta gabato, manoman Gubuchi sun gayyace ni in nuna musu abin ranar Asabar. A makon ne mahaifiyar malamar ta kwanta rashin lafiya, ta kai ta garinsu wajen dangi.

Ranar Laraba da hantsi injiniyan ya kira ni a waya. Ya ce, "Malam, mu cire muryoyin nan kawai, nauyin zai faɗi nan take. In ta dawo sai mu yi mata bayani." Na ce masa akwai doka. Ya ce, "Matar da ke jinya za ka dama da wannan? Ai tausayi ne." Kalmar tausayin nan ta yi mini daɗi, domin ta ba ni abin da zuciyata ke nema. Ban rubuta komai a shafin ba, ban kuma kira Baba ba. Kafin azahar na shigar da gyaran.

Taron Gubuchi ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Manhajar ta sauka a kowace waya ba wahala. Sai dai wani manomi ya miƙo mini tasa ya ce, "Malam, ɗan'uwana ya ce tana magana. Tawa bebiya ce?" Aka yi dariya, ni ma na yi.

Mahaifiyarta ta rasu. Ni da Baba muka je Ikara gaisuwa bayan ta dawo, muka zauna a tsakar gida, matan cocinsu suna ta kai da kawowa. Babu wanda ya ta da zancen aiki. Kwana goma bayan haka na ga ta rubuta layi ɗaya a shafin tattaunawa: "A ina aka yi shawarar cire murya? Na duba ban gani ba." Sai na hau mota na tafi Ikara.

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa yadda ya kamata. Na ce, "Malama, babu abin da ya ɓata. Muryoyin suna nan a ajiye, yau ɗin nan zan iya mayar da su."

Ta ce, "Na sani, Malam. Ni na tsara wurin ajiyar."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwamfutarta ta buɗe mini. Ashe a asibiti, duk lokacin da mahaifiyar ta samu barci da rana, ita tana zaune a gefen gado tana rage nauyin muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Saura kaɗan ta gama. Ta ce, "Kullum ina leƙa shafin nan. Shi ne kaɗai abin da nake dubawa in ji hankalina ya ɗan kwanta. Da kun rubuta ko layi biyu ne, da na ce ku ba ni kwana uku."

Na ce ba mu so mu dame ta ba ne. Ta dube ni ta ce, "Da a fili kuka yi shawara kuka ƙi tawa, da na haƙura, an sha yin haka. Amma ku biyu kuka zauna kuka yanke abin da zan iya ɗauka da wanda ba zan iya ba." Ba ta ɗaga murya ba. Da ma faɗa ta yi mini.

Washegari na mayar da sashen. Na rubuta duk abin da ya faru a shafin, har da kiran wayar, na nemi gafara a gaban kowa. Baba ya kira ni daga Kudan ya ce, "Ni ma ba ka tambaye ni ba, ɗana." Ya je Ikara sau biyu yana lallashi. Ta karɓe shi da girmamawa, ta ce masa ta yafe, amma jikinta ya yi sanyi da aikin.

Ta gama rage nauyin muryoyin. Ta turo aikin ta hanyar da doka ta ce, ta jira kwana bakwai cif, na shigar. A ƙasa ta rubuta bayanin yadda wani zai ci gaba da sashen. Daga nan ba ta sake turo komai ba. Injiniyan ya samu aiki a Legas, ya daina leƙowa. Baba kuma idanunsa sun yi rauni, yanzu jikarsa ke karanta masa saƙo.

Manhajar tana nan, ana amfani da ita. Bara wata sabuwar cuta ta shiga barkono a wajajen Kudan, na sa hotonta, amma babu murya. Na gwada zuwa ƙauye in naɗa da kaina, tsohon da na samu ya tambaye ni ina malamar nan mai dariya, na ce tana nan lafiya. Ya yi mini bayani a gurguje, ya ce zai tafi gona.

Kwanan baya na haɗu da ita a tashar motar Ikara. Muka gaisa, ta tambayi iyali da ɗalibai, na tambayi mahaifinta da ƙannenta. Ta ce in gaida Baba. Na tsaya ina jiran ta tambayi aikin, ko da a fakaice ne. Motar Zariya ta cika, ta ce, "Sai wani jiƙon, Malam," ta shiga.