Sunana Bai Shiga Tsarin Bana Ba

Maigidana ya rasu da damina, Allah ya jiƙan shi. Har yau in babur ya tsaya ƙofar gida sai in miƙe da sauri, sannan in tuna. Ba na ɓoye kukana ga kowa, don na zauna da mutumin kirki.

Aikinshi yaƙi da jahilci ne. Da ya aje aiki, sai anka riƙa kiran shi ya horar da sabbin shugabannin da za su riƙe azuzuwan manya a Wurno da Rabah da Goronyo, ya koya musu yadda ake tsara shekara da yadda ake kasafin abin da hukuma ta bayar. Bai son ɗakin taro. Gida yake kawo su, su baje tabarmi a zaure, ni kuwa in tuƙa tuwon dawa. Daga tsakar gida nake jin muryarshi. Yakan ce musu su fara zuwa gari su ga masu son karatu ido da ido, sannan su nemi littafi da alli da alawus ɗin malami daidai da mutanen da sunka gani. In an rufe tsari kuma an rufe, ba a ƙara kowa, ko da uwar da ta haife ka ce. Ya taɓa ganin aji ya watse a wani ƙauye saboda an yi ta cusa dangin manya har littattafai sunka kasa, waɗanda anka fara ɗauka sunka yi fushi sunka koma gonakin albasa.

Garinmu bai taɓa samun ajin mata ba, shi ya sa har yanzu da baki nake faɗin wanga labari ana rubuta min. Maigidana ya daɗe yana nema muna. Yakan yi min ba'a cewa ranar da anka buɗe, gaban allo za a zaunar da ni don kunnena ya fara nauyi. Shekarar da ya rasu anka amince. Ranar da anka zo ɗaukar sunayen mata a makarantar firamare ina cikin takaba, ba ni fita. Na ji guɗar mata daga ɗaki, na juya fuskata ga bango.

Da na fita takaba na shiga mota ranar kasuwa na tafi Wurno wajen sabon shugaban azuzuwan manya. Cikin yaran maigidana ne, na ƙarshen da ya horar, wani dogo mai son ƙanzo. Yana ganina ya tashi daga kujera ya durƙusa, ya sake yi min gaisuwar rashi, mu duka muna share ido. Na faɗa mishi abin da ya kawo ni. Ya ce an rufe tsarin bana, kayan da anka saya daidai da matan da sunka zo ne, kuma akwai wasu irina da ya maida.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai da ka cinye min ƙanzo har ƙasan tukunya, yau ni kake faɗa wa an rufe?"

Ya ce, "Inna, a kan ƙanzon nan anka koya min. In na ƙara ki, mi zan ce wa waɗanda na maida?"

Muryar maigidana na ji a bakin yaron, kuma ban san ko in zage shi ko in sa mishi albarka ba. Da na huce na tambaye shi ta ina ake shiga. Ya bayyana min ba ɓoye-ɓoye. Ajin da anka buɗe ya cika, kuma ba zai iya neman sabon aji don mutum ɗaya ba. Sai an samu matan da za su cika ɗaki, su zo da ƙafarsu ranar ɗaukar sunaye, bayan an cire albasa. Ya ƙara da cewa tsofaffi sun fi wuyar karewa gaban masu amincewa da kasafi, don ana cewa ba mu ƙarasawa.

Na koma gida na fara yawo gida-gida wajen tsarata. Wata ta ce ita da kabari saura taki kaɗan, mi za ta yi da fensir. Na ce ita da ke miƙa wa surukarta waya kullum ta duba mata sunan ɗanta, ba ta gaji ba? Wata ta ce gwiwa. Na ce ba da gwiwa ake karatu ba. Wasu sun ƙi har ƙarshe. Wata ta amsa, Allah ya ɗauke ta kafin rani. Ranar da duk na gaji nakan zauna in yi kukana ya ishe ni, da safe in ɗauki mayafi.

Da anka cire albasa ranar ta zo. Mun taho a hankali, masu sanda a gaba, har munka cika inuwar darbejiyar makaranta. Shugaban ya dube mu ɗaya bayan ɗaya bai yi dariya ba. Da anka zo kaina ya tambayi sunana kamar bai taɓa ganina ba, na faɗa mishi da sunan ubana. Ya tambayi shekaruna, na ce ban sani ba, amma in sun tambaye shi can sama ya ce musu zan ƙarasa.

Ya rubuta. Na matsa na ba ta bayana wuri.