Ɗinkin da Mama Ta Farke

Mama tela ce tun kafin a haife ni. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, keken ɗinki kusa da ƙofa saboda haske, ƙyallaye barbaje a ƙasa, sai benci guda da masu jiran kaya ke cikawa da gulma. Duk wanda ya san ta ya san halinta: ƙafa na taka keke, baki na motsi. Ba ta ɗinka wa mutum riga sai tana yi masa addu'a, daga wuya har ƙasa. Amarya ta samu tata, mai ciki ta samu tata, har wanda ya kawo wando a rage masa ƙugu ba ya tafiya haka nan. Mukan tsokane ta cewa shi ya sa take saɓa alkawarin kaya. Sai ta dube mu ta saman tabarau ta ce, "Mai sauri ya je wurin telan da ba ya addu'a, ai suna nan birjik."

A coci ba ta cikin masu ɗaga murya. In ana wa'azin yaƙi da Shaiɗan, wasu na buga ƙafa suna tsawa, ita tana zaune da jakarta a cinya. Na daɗe ina ganin Mama ba ta da wani yaƙi.

Sai babbar mota ta buge yayana a mararraba yana dawowa daga aiki, ko asibiti bai kai ba. Direban ya yi zaman gidan yari, ya fito, ya roƙi fastonmu ya rako shi gidanmu. Ya durƙusa yana kuka, Mama ta ce ta yafe. Ni kuwa gaskiya ban so in ƙara ganin fuskarsa ba. Amma ya ci gaba da zuwa cocinmu, daga baya ma ya shiga ƙungiyar mawaƙa.

Da aka tashi yi wa mawaƙa sababbin riguna, wa za a kai wa in ba Mama ba? Kowa ya zo aka auna shi ban da direban. Kunya ta hana shi, sai ya aiko da tsohuwar rigarsa a kwatanta. Mama ta gama na kowa ta rataye. Nasa yadin yana ninke a kan tebur, ranar karɓa kuma tana matsowa.

Na ce, "Mama, ba ni in kai wa telan bayan layi. Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani," in ji ta. "Kin ji yaƙin da fasto ke faɗa? Nawa ga shi nan a ninke. Shaiɗan bai taɓa zuwar mini da ƙaho ba. Zama yake kusa da keken nan yana cewa, ke uwa ce, kina da haƙƙin riƙe mutumin nan a zuciya. Muryarsa kuwa da daɗi, 'yata. Tun da yadin nan ya shigo shago, ko ku ba na iya yi muku addu'a yadda na saba. In na bari ya rufe mini baki a kan mutum ɗaya, zai rufe shi gaba ɗaya."

Washegari ta yanka, ta ɗinka da sauri, leɓe a haɗe. Rigar ta yi kyau, ba inda za ka kushe. Ta ɗaga ta, ta daɗe tana kallo, sai ta ɗauki reza ta shiga farke ɗinkin. Raina ya ɓaci, na ce tana wahalar da kanta a kan wanda bai cancanta ba.

"Ba addu'a ko ɗaya a cikinta," ta ce. "Je ki kira shi. Ba zan iya da tsohuwar riga ba, sai na ga mutum."

Ya zo da rana tsaka, ya toge a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Mama ta cire tef daga wuyanta. Ta matso kusa da shi. Ta shimfiɗa tef ɗin a bayansa, sai ta tsaya cak.

"Kafaɗarka ɗaya da ta ɗana," ta ce a hankali.

Mutumin ya rushe da kuka. "Mama, ki bar shi kawai, ni ban…"

"Tsaya da kyau, kana ɓata mini awo."

Ita ma hawaye ke zubar mata, ba ta share ba. Ban taɓa jin tausayinta da ƙaunarta kamar a lokacin ba. Ta auna hannu, ta auna tsawo, ta koma kan keke ta zauna, ta jawo yadin gabanta.

"Kana da yara?" ta tambaye shi.

Ya gyaɗa kai.

Ta nuna masa benci. "Zauna, ɗana. Faɗa mini sunayensu a hankali, kada in tsallake kowa. Ɗinkin nan zai ɗauki lokaci."