Ranar Da Ruwan Randa Ya Dawo Mana Da Mahaifina

Shekarun baya, bayan rasuwar ƙanen mahaifina, muka tsinci fim ɗin hoto na baƙi da fari a akwatinsa, ba a taɓa wanke shi ba. Inna ta juya shi a hannu ta ce, "In dai wanga ne, babanku na ciki. Sau guda tak ya yarda anka ɗauke shi, ranar girbin gero."

Mahaifina ya rasu ina goye, ban san fuskarsa ba. Inna kuwa ta taɓa faɗa mini, a hankali kamar mai amsa laifi, cewa kamanninsa sun fara kuɓuce mata.

Na tashi daga Bukkuyum zuwa Gummi wajen wani tsohon mai hoto, shi kaɗai ya rage da kayan aikin da. Kafin in tafi na kwana uku ina karatun wankin fim a waya, na isa ina jin kaina shehin fannin. Ya aje mini kwalabe biyu na maganin wanki. Ɗaya mai ƙarfi ne, nan da nan yake fito da hoto. Ɗayan sai an sirka shi da ruwa sosai, a yi ta jira.

"Baba, mai ƙarfin za a sa," na ce. "Tsohon fim ya yi rauni, sai da ƙarfi."

"Malam, can makarantarku in yaro ya faɗi jarrabawa yana sakewa ko?"

"Yana sakewa."

"To shi fim ba ya maimaita aji. Wanki guda gare shi."

Ya toshe ƙofa da bargo biyu, da rana tsaka ɗakin ya koma kamar cikin rumbu. Da lalube ya yanko ɗan guntu daga wutsiyar fim ɗin, inda babu hoto, ya tsoma a maganin da na zaɓa. Da muka fito haske, guntun ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Ga babanka nan, da na bi ta taka," in ji shi.

Ilimin kwana uku ya bi ruwa.

Ya sirka ɗaya maganin da ruwan randa, wai zafi ke tayar da duhun tsohon fim. Agogo ba ya ganuwa a ɗakin, don haka da carbi ya auna lokaci. Ina tsaye cikin duhu, ba na jin komai sai ƙas-ƙas ɗin carbi.

Da ya gama, ya ɗaga fim ɗin yana ɗigar ruwa. Ga mutum tsaye kusa da damin gero, fuskarsa fara, rigarsa baƙa, komai a juye. Shekara talatin da wani abu hasken ranar nan yana kwance cikin akwati yana jiranmu. Na zauna a ƙasa. Subhanallah kawai nake iya faɗi.

Da aka fitar da shi a takarda na kai wa Inna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa a kan hoton kamar za ta gyara wani abu.

"Dube shi. Kullum hula a karkace."

Har yau idan na ji bakina na saurin yanke hukunci a kan abin da ba ya maimaituwa, sai in tuna guntun nan mai baƙi. Hular kuwa, tun daga ranar na daina gyara tawa.