Wurin da Glafira Ke Yin Shiru

Glafira Ilyinichna ta yi shekara ashirin da shida tana kaɗa goge na biyu, mijinta Arkadi yana kaɗa na farko. Gidanmu ɗaya a Leningrad, iyali bakwai, kicin ɗaya, kowa da rishonsa. Bangon da ya raba ɗakina da nasu kuwa ba kauri, in ta yi tari ni ke ce mata sannu.

Akwai wani kiɗa da suka fi so, na goge biyu kaɗai. Ɗaya ya kaɗa, ɗayan ya saurara, sannan ya amsa masa. A 1948 jaridu suka yi wa wanda ya rubuta shi ca, wai kiɗansa ba na talakawa ba ne. Arkadi bakinsa ba linzami, ya ce a wurin aiki kunnen 'yan jaridar ne ya toshe. Bayan kwana tara aka zo aka tafi da shi. Aka kira Glafira ta sa hannu a takarda cewa babu ita babu shi, in ba haka ba ita ma ta bi shi. Ta sa.

Amma kullum da yamma sai ta ɗauki gogenta ta kaɗa rabonta. In ta zo wurin da Arkadi ya saba kaɗawa ta yi shiru, tana ƙirga a hankali, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ta shigo.

Ni na jawo mata, da wannan shegen bakin nawa. Ina fere dankali a kicin na ce da wasa Glafira kullum sai ta tsaya ta yi ƙirga, kamar mai jiran amsa. Matar Yefim mai kula da gidan tana gefe tana motsa miyar kabeji. Kafin in rufe baki na san maganar za ta kai kunnen hukuma.

Ranar Laraba da hantsi Yefim ya shigo da wani mutumin hukuma mai kwat ruwan toka. Suka bar ƙofarta a buɗe don mu ji. Ina tsaye a baranda. Mutumin ya zauna a kujerar Arkadi, ya roƙe ta cikin ladabi ta kaɗa musu abin da ta saba. Ta kaɗa. Da ta zo wurin, hannunta ya tsaya da kansa, leɓɓanta suka fara motsi.

"Glafira Ilyinichna, wa kike jira a nan?"

In ta ambaci sunan Arkadi, takardar da ta sa wa hannu ta zama ƙarya, ita kuma ta kwana inda ba a dawowa.

"Ba kowa, kwamared. Mantuwar tsufa ce."

"To sake. Kada ki manta."

Ta sake. Ta riƙa haɗa kiɗan baki da baki, ba ta bar ko numfashi ɗaya ba, ya ƙare a rabin lokacinsa. Mutumin ya yi godiya ya ɗauki hularsa.

Arkadi bai dawo ba. Glafira ta rayu har 1961, tana ara mini gishiri, tana gaishe ni, ban taɓa sanin ko ta san ni ce na jawo mata ba, tsoro kuma bai bar ni na tambaya ba. Kullum da yamma nakan jingina da bangon nan, in ta zo wurin in fara ƙirga mata a zuci, ɗaya, biyu. Shekara goma sha uku, ko sau ɗaya ba ta tsaya ba.