Kan-Keke da Igiyar Shanya

A danginmu kaf babu wanda ya kai Kan-Keke sanin otal. Ɗan baffanmu ne, mai gyaran keken ɗinki. Sunan ya same shi ne saboda tun yana saurayi ba a ganinsa sai da kan keke saɓe a kafaɗa, har kafaɗar dama ta fi ta hagu gangarowa. Akwai masu rantsuwa cewa ranar haihuwarsa keken aka fara cirowa, sannan shi.

A zamanin ƙarfinsa gari-gari yake bi, jakarsa cike da allurai, bel, kwarkwaron zare da 'yar kwalbar mai. Duk inda ya sauka sai ya kwana, shi ya sa ya zama malamin zaɓen masauki. Hanyarsa kuwa ɗaya ce tak. Ba ya kallon fenti, ba ya karanta allon suna, ba ya sauraron daɗin bakin mai karɓar baƙi a kanta. Da ya sauka daga mota sai ya zagaya bayan otal ya duba igiyar shanya. In ya tarar da zannuwan gado reras suna kaɗawa, sai ya kama gefen ɗaya ya shinshina. In ya ji sabulu, ya kama ɗaki. In kuwa igiyar wayam take, ko gadon zinare ne a ciki ba zai kwana ba.

"Labarin zuciya a tambayi fuska," in ji shi, "labarin otal kuwa a tambayi bayansa."

A cikin duk masaukan da ya kwana akwai ɗaya da ya zame masa kamar ɗakin uwarsa. Wani ɗan bene ne a bayan tashar wani gari, na wani tsoho da ba ya rabuwa da rediyo. Fankar ɗakin tana kuka kamar an taka wa kyanwa wutsiya, famfon kuma sai ka lallashe shi kafin ya zubo. Amma tagar ɗakin sama na ƙarshe tana kallon layin teloli. Da safe ƙarar kekuna ce ke tashin Kan-Keke, yana kwance a gado zai ce, "Na shago na uku bel ɗinsa ya saki, na kwana kuma ƙishin mai yake ji." Kafin ya wanke fuska ya gama sanin aikin ranar.

In ya dawo gida sai ya zauna kusa da matarsa tana wanki, ya yi ta zuba. A bakinsa benen ya kusa taɓo gajimare, zannuwan kuma in ka kalle su da rana sai idonka ya yi ruwa. Kullum da alkawari yake rufewa.

"Wata rana zan kai ki, Uwargida. Ki miƙe ƙafa, a wanke miki, a share miki."

Ita kuma, hannu cikin kumfa, sai ta ce, "Allah ya nuna mana, Baban yara."

Allah dai ya yi ta nuna musu wasu abubuwan. Yara suka girma, kekunan lantarki suka shigo, kan Kan-Keke ya yi fari fat, gwiwoyin Uwargida suka fara ƙara in za ta tashi. Alkawari yana nan daram, ko ƙura ba a kaɗe masa ba. Sai da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta fara aiki ta ce ya isa haka.

"Baba, alkawarin nan ya girme ni. Na kama muku ɗaki a wani otal a garin da benen nan naka yake, ga shi a waya. Mama za ta huta ko da sau ɗaya ne a rayuwarta."

Ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido. Gado, labule, banɗaki mai sheƙi.

"Nuna mini bayansa."

"Baba, ba a ɗaukar hoton baya."

"To, abin da ake ɓoyewa ke nan."

Duk da haka suka tafi. Otal ɗin Auta gilashi ne tun daga sama har ƙasa, ƙofar ma da kanta take buɗewa, har Kan-Keke ya yi mata sannu. Ya zaunar da Uwargida a wata kujera mai laushi, ya sulale ya zagaya baya. Janareta, tankin ruwa, motoci. Ko zare babu, balle igiya. Ya dawo fuska a murtuke.

"Tashi mu tafi. Ba sa wanki."

Matar da ke kan kanta ta yi murmushi. "Baba, inji ne ke wankewa, shi ke busarwa."

"Ni za a gaya wa inji? 'Yata, na buɗe cikin inji tun ba a haifi babanki ba. Inji ba ya maye gurbin rana."

"Baban yara," in ji Uwargida a hankali, "kujerar nan fa ta karɓe ni."

"Tashi ki ga masauki na gaske."

Sabo turken wawa. Ta dafa gwiwa ta tashi.

Mai tasi ya sauke su a bakin tasha, ya ce an toshe hanyar ciki. Sai tafiyar ƙasa. Kan-Keke na gaba da jaka, Uwargida na baya tana jan ƙafa, tana tsayawa a kowace inuwa. Layin teloli ya koma shagunan waya, ko ƙarar keke ɗaya babu. Ya yi kamar bai lura ba, amma saurinsa ya ragu. Da suka iso, bai ɗaga kai ya dubi allo ba, don bai taɓa yi ba. Ya bi lungun da ya sani zuwa baya.

Igiyoyi ne jere, sun fi na da yawa, zannuwa farare tas suna kaɗawa. Mutumin nan ya kusa yin rawa. Ya kama ɗaya ya shinshina.

"Kin ji? Har magani suke sawa yanzu. Gani ya kori ji!"

Suka shiga ta ƙofar baya. Inda tsoho ke zama da rediyonsa, wata mata ce cikin fararen kaya. Kan-Keke ya ajiye jaka da isa.

"Ɗakin sama na ƙarshe, mai taga."

Ta dube shi, ta dubi Uwargida. "Waye ba lafiya?"

"Lafiyarmu ƙalau. Hutu muka zo."

"Baba, ɗakin sama na ƙarshe ɗakin haihuwa ne."

Kamar an ba shi umarni, wani jariri ya tsala kuka daga sama. Uwargida ta jingina da bango ta fashe da dariya har hawaye. "Ka makara, Baban yara! Wannan ɗakin na gama da shi tuntuni."

Nas ce matar. Ta ce tsohon ya daɗe da rasuwa, magada suka sayar, aka mai da wurin asibiti. Tana cikin bayani idonta ya faɗa kan gwiwoyin Uwargida, sun kumbura sun yi suntum. Ta jawo kujera ta zaunar da ita, sannan ta juyo kan Kan-Keke ta wanke shi tas a kan sa ta tafiyar ƙasa, kamar yaron da ya fasa tulu.

Kan-Keke ya ja gefe. Ya tsaya a gindin matakala, hannunsa a kan katakon dafawa. Ya lalubo wani ɗan gurbi da kan kekensa ya taɓa fasawa yana saurayi. An shafe shi da fenti, amma yatsa ya gane shi. Ya ɗaga kai ya dubi saman da ba shi da ikon hawa.

"Baban yara," in ji Uwargida, dariyar ta tafi, "ni ban taɓa ƙosawa in ga benenka ba. Na ji labarinsa har na fi ka sanin fankar. Hutun nake jira. Ko aljani ne ke wankin, in dai ba ni ba ce, ya yi."

Da kansa ya fita neman tasi, ya kuma yi ta roƙon direban har ya zagayo ta wata hanya ya tsaya a bakin ƙofa.

A otal ɗin Auta, Uwargida ta kwanta ta yi barci har rana ta take tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana amarya. Kan-Keke na zaune a kujera, na'urar sanyaya ɗaki na hura masa a ƙeya, haƙora na kaɗawa. Bai san inda ake kashe ta ba, ya kuma ƙi motsi don kada ya tashe ta. Mutumin da ya warkar da kekunan rabin duniya, maɓalli ɗaya ya gagare shi.

Yanzu ba ya tafiya ko'ina, sai zaman ƙofar gida. In muka tsokane shi da zancen otal ɗin Auta, sai ya taɓe baki ya ce wurin banza ne, sanyi kamar kabari. Daga cikin ɗaki kuwa sai a ji muryar Uwargida.

"Ƙarya yake! Shi ya ce a ƙara kwana."