Doya Mai Nauyin Bijimi

Rukayat 'yar Tudun Wada ce a Minna, ɗiyar Malam Tsado mai koyar da allo. Tun tana ƙarama ta fi son boko, har ta karanta kwamfuta. Da ta dawo gida, allon babanta ma kallon kayan tarihi take yi masa. Shi kuwa bai taɓa tanka mata ba.

Babban aikinta na farko daga ƙungiyar masu doya ta Kuta ya zo. Sun sayi sikelin zamani, suna so nauyi ya riƙa fitowa a wayar shugabarsu, Hajiya Azumi. Sikelin ba ya magana da kilo. Lambobi tsirara yake turowa, ƙulli biyu kowane awo, kowane ƙulli lamba biyu a haɗe, aikin Rukayat ta rubuta manhajar da za ta mai da su nauyi.

Ranar gwaji aka ɗora doya guda, wayar ta ce kilo ɗari bakwai da sittin da takwas.

Hajiya Azumi ta dubi doyar, ta dubi Rukayat.

"'Yata, wannan doyar da hannu ɗaya na ɗauko ta. Kafin ranar kasuwa ki gyara, in ba haka ba mu nemi wani."

Kunya ta kama Rukayat kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kwana biyu tana zargin waya, tana zargin sikeli, har doyar sai da ta zarga. Rana ta uku da hantsi ta rubuta abin da sikelin ya turo a takarda, 03 00, ta zauna a zaure ta zuba masa ido.

Malam Tsado ya leƙa. Shekara arba'in idonsa daga dama yake fara karatu, bai ga dalilin sauyawa yau ba.

"Sifili, sannan uku. Uku ke nan. Me ya hana ki cin abinci?"

Rukayat ta sake duban takardar daga dama. Ashe sikelin ƙaramin ƙulli yake fara turowa, ita kuwa ta ɗauki na farkon a matsayin babba, shi ya sa uku ta zama ɗari bakwai da sittin da takwas. Layi ɗaya ta gyara, doya ta koma kilo uku, aiki ya zauna a hannunta.

Da ta zo godiya tana sunkuyar da kai, Malam ya ci gaba da wanke allo.

"Ki gaida sikelin," ya ce. "Shi dai ya zauna ya yi karatu a wurinmu."