Kular da ba ta koma ba

A shekarar da aka datse layukan waya a Borno, ina aikin loda kaya a filin jirgin Maiduguri, ƙarƙashin wani kamfani da yanzu ko sunansa ba a ji. Gidana yana Gomari, kusa da filin, har idan jirgin safe zai sauka kwanukan da ke kan kantar matata sai sun yi ƙara. Lokacin kuwa ita ba ta nan. Da harbe-harbe suka yi yawa, ga ta da cikin fari, na lallaɓa ta na saka ta a jirgi zuwa wurin yayarta a Abuja. Ta tafi tana fushi da ni, wai na kore ta.

Babu waya, hanyar Damaturu kuma sai wanda ya yi sallama da iyalinsa yake bi. Abin da ya rage tsakaninmu kula ce guda, shuɗiya, mai karyayyen hannu. Duk mako mijin yayarta yakan kawo ta filin jirgin Abuja, a jefa ta cikin kaya, ni kuma in tsince ta da hannuna a nan. Wani lokaci dambun nama ne, wani lokaci miyar taushe da aka daskarar. Daga gishirin nake gane lafiyar matata, domin idan ranta a ɓace yake hannunta yakan yi nauyi. A wurinmu ba a mayar da kwano wayam, saboda haka nakan cika kular da bandar kifi da ɗan turaren wuta in mayar. Idan an yi sa'a, wata ma'aikaciyar jirgi da ta san mu takan leƙo ta ce, “An ce tana gaishe ka, cikin ya tsufa.”

Ni mutum ne mai baki, ban taɓa musu ba. A taron ƙungiyar ma'aikata ni ne kan gaba wajen ɗaga murya, kuma da dalilina. Jirgin yamma yakan makara, mu tashi aiki dokar hana fita ta riga ta fara. Sai ka ga magidanci da rigar kamfani yana tsallen kwaɗo a gaban shingen sojoji. Mota kawai muka roƙa, mai tambarin kamfani, ta riƙa sauke mu a ƙofar gida. Aka yi ta ce mana ana dubawa. Da uwar ƙungiya ta kira yajin aiki daga Legas kan nata buƙatun, muka liƙa tamu a ciki.

Manajanmu dattijo ne Babarbare daga Yerwa, wato cikin garin Maiduguri, muna ce masa Baba Manaja. Shi ma daga ƙasa ya faro, da ɗaga wa jirgi sandunan nuna masa wurin tsayawa. Ana gobe yajin ya kira ni gefe.

“Ƙanena, mutanen nan dalili suke nema su bar garin nan. Kada ku ba su.”

“Baba, kai da motarka kake tafiya gida,” na ce masa. “Ba ka san ciwon gwiwa ba.”

Ya dube ni, ya gyara hularsa, ya koma ofis.

Washegari muka zo da rigunanmu kamar kullum, muka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin shinge. Dokar ƙungiya ɗaya ce: kada hannun kowa ya taɓa kaya. Mun ɗauka jirgin ba zai zo ba, sai muka ji ƙararsa. Baba Manaja ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya ɗauki sanduna ya fita cikin rana shi kaɗai. Wallahi hannunsa bai manta ba. Abokan aikina suna ta tsokana, wai tsoho ya tuna samartaka, ni kuwa dariyar ta ƙi fitowa, domin ranar ce ranar kulata, kuma watan haihuwar matata ya kama.

Ma'aikatan da suka zo da jirgin baƙi ne, an ɗebo su don yajin, babu wanda ya san ni. Fasinjoji da masu gadi suka taya Baba sauke kaya. Ina zaune ina hango shuɗin abin nan a cikin tarin akwatuna. In na tashi na ɗauka, ni da na fi kowa baki, yajin ya karye ke nan. Na zauna.

Bayan jirgin ya tashi, sai ga Baba yana tahowa, gumi ya jiƙa masa riga, rungume da kular a ƙirji saboda hannunta a karye yake. Ya ajiye ta a bakin tabarma.

“Wushe da zama,” ya ce, irin sannunsu ta Barebari. “Wannan ba kayan kamfani ba ne.”

Na buɗe. Soyayyen naman rago ne fal, da goro da dabino a ƙulle a gefe. Kowa ya juyo ya dube ni, don babu wanda bai san naman suna ba. Ta haihu, an yi kwana bakwai, an yanka rago, wani ya yi wa abin da na haifa huɗuba a kunne, ni ina nan ina rigimar mota. Na sa yanka ɗaya a baki. Suyar ba tata ba ce, ta yayarta ce, kuma haka ya kamata tunda mai jego ba ta tsayuwa gaban murhu. Amma na so ƙwarai a ce tata ce.

Muka matsa wa Baba ya zauna, dokar ƙungiya ba ta ce kada a ci da manaja ba. Ya yi addu'a, muka shafa. Sai ya juyo yana murmushi.

“To, ƙanena, me aka samu?”

“Ban sani ba, Baba.”

Wannan ne jirginmu na ƙarshe. An sasanta a Legas, an ce an yarda da motar ma'aikata, amma kafin ta iso kamfani ya rufe ofishin Maiduguri, wai saboda tsaro. Har yau ban ce yajinmu kuskure ne ba, gwiwoyinmu ne suka sha wuya. Baba ma ya rasa kujerarsa tare da mu, kuma bai taɓa ce mini ai ya faɗa ba.

Da yammar ranar da kular ta zo na je kasuwa na zaɓo banda mai kyau, irin wadda ake yi wa mai jego farfesu da ita. Na tsaya gaban mai kayan jarirai, ya tambaye ni na mace ko na namiji, na ce ya ba ni farare. Na cika kular na ɗaure ta, na ajiye bayan ƙofa. Kifin ya fara ƙwari na canza shi, na sake canzawa. Kowace safiya kunnena yana kan kantar nan, ko kwanukanta za su yi ƙara.

Ranar da aka maido da waya, kira na farko da ya shiga nata ne. Ina jin kuka a bayanta, kuka mai ƙarfi, ba na jariri sabon haihuwa ba. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, “Malam, ’yarka har ta fara zama. Ina kulata?”